Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Ministan Ilimi: Tarihin Da Aka Dawo Da Shi, Har Da Shekarun Da Muke Tsallakewa?

Mai girma Minista,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, Allah ya taya ka riƙon wannan amana. Ni tsohon malamin sakandare ne a Jos. A nan aka yanke mini cibiya, a nan iyayena suke kwance, kuma shekara 35 na yi ina riƙe da alli kafin na yi ritaya. Wasiƙar taka ce kai da ma'aikatan hukumar NERDC masu tsara manhaja, amma na bar ta a buɗe, domin akwai rabon 'yan jarida da masu shirya fim a cikinta, akwai kuma rabonmu mu iyaye.

Yabon gwani ya zama dole. Tun da aka cire darasin tarihi daga firamare da ƙaramar sakandare, matakin da aka yanke a 2007 ya soma aiki a zangon karatu na 2009/2010, muke ta kuka ba mai share mana hawaye. An gutsuttsura darasin an barbaɗa shi cikin na zamantakewa, har yaro ya gama makaranta bai san ya taɓa ɗanɗana shi ba. A zamanin tsohon minista Malam Adamu Adamu aka ƙaddamar da sabuwar manhaja a 2018, a 2022 aka ware malamai 3,700 domin a horar da su, sannan a 2025 ma'aikatarka ta sanar cewa tarihi ya zama wajibi daga aji ɗaya na firamare zuwa aji uku na ƙaramar sakandare. Mun ji, mun yi murna, mun gode. Tambaya ɗaya ce ta hana ni sakat, ranka ya daɗe. Tarihin nan da aka dawo da shi, har da shekarun da muka saba tsallakewa?

Bari in faɗa maka abin da ya sa na ɗauki biro.

Kwanakin baya na ɗauko jikata daga gidan gwaggonta muka shiga Keke Napep. Shekararta goma sha ɗaya. Hanyarmu ta ratsa ta wata iyaka, irin iyakokin nan da kowane ɗan Jos ya sani ba tare da an kafa allo ba, inda unguwar Musulmi ke ƙarewa ta Kirista ta soma. A tsakani akwai kangaye. Gidaje ba rufi, bango ya yi baƙi, ciyawa ta leƙo ta taga, wani wurin har gwanda ta girma a tsakiyar abin da a da ɗakin kwanan wani ne. Yarinyar ta taɓa gwiwata ta ce, "Kaka, wa ya ƙona gidajen nan?" Na ce, "Rikici ne aka yi tun ba a haife ki ba." Na ja bakina na tsuke, ina fata ta bar zancen.

Mai Keken ne ya karɓe. Yaro ne da bai wuce shekara ashirin da biyu ba, wato ranar Juma'a 7 ga Satumba 2001 ko cikinsa ba a ɗauka ba. Ya ce, "Haba Baba, ai gara ka faɗa mata gaskiya." Ya shiga zayyano mata ɗaya bayan ɗaya: kisan Yelwan Shandam na watan Mayun 2004, Kuru Karama a Janairun 2010 da gawarwakin da aka riƙa cirowa daga rijiyoyi, matafiyan da aka tare a hanyar Rukuba a Agustan 2021. Ko ɗaya bai yi ƙarya ba. Da ya numfasa na ce, "Ɗana, ka san Dogo Nahawa?" Ya ce sunan ya taɓa gilmawa a kunnensa, amma bai san abin da ya faru ba. Na ce, "To mutanen da aka kashe a cikin coci a wannan Yelwar dai, a watan Fabrairu, wata biyu kafin abin da ka faɗa fa?" Ya waiwayo ya dube ni kamar na yi masa wani yare.

Da a ɗaya ɓangaren garin muka tari Keke, da mun samu sa'ansa wanda ya haddace daren 7 ga Maris 2010 a Dogo Nahawa, inda aka karkashe mata da yara suna barci, ya haddace bama-baman jajibirin Kirsimeti na wannan shekarar a Gada Biyu da Unguwar Rukuba, amma ko a mafarki bai taɓa jin Kuru Karama ba. Na san haka domin na koyar da 'ya'yan ɓangarorin biyu a aji ɗaya. Kowa ya riƙe lissafin mamatansa daram, na maƙwabcinsa kuwa ko bai ji ba, ko ya ji an ce ƙari ne. Kuma ba a makaranta suka samo wannan lissafi ba. A majalisar bakin titi suka samo shi, da teburin mai shayi, da wajen zaman makoki, yanzu kuma da WhatsApp da TikTok, inda hoton gawa ɗaya ke zagaye gari kafin a idar da sallar isha'i.

Laifi tudu ne, don haka bari in fara taka nawa. Da aka koma makaranta bayan rikicin 2001, wanda ya ci rayuka kusan dubu cikin ƙasa da mako guda, na shiga aji na tarar da kujeru bakwai babu kowa. Wasu iyayensu sun yi ƙaura, biyu kuwa ba za su sake dawowa ba. Waɗanda suka rage sun rabu da kansu, Musulmi ta wajen taga, Kirista ta wajen ƙofa, ba wanda ya umarce su. Ina cikin rubutu a allo wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, don Allah me ya kawo wannan abin?" Na daɗe ina kallon allon. Sannan na ce mata wannan ba ya cikin manhaja, kuma ba zai fito a jarrabawa ba. Na ci gaba da koya musu rabe-raben iko tsakanin majalisa da ɓangaren zartarwa da na shari'a. Tsoro ne ya hana ni. Ina tsoron kalma ɗaya ta kuɓuce mini, yaro ya kai gida, gobe a wayi gari an ce malami ya zagi addini ko ƙabila. Ba ni da littafin da zan dogara da shi, ba ni da takardar hukuma da zan nuna in ce ga abin da aka ce in koyar. Yarinyar nan yanzu ta kusa shekara arba'in, wataƙila da 'ya'yanta, kuma wani ya riga ya ba ta amsar da na hana ta. Har gobe abin yana ci mini rai.

Abin da muka koyar a tsawon shekarun nan sananne ne. Al'adun Nok, Bayajidda da rijiyar Kusugu, Sarauniya Amina, jihadin Shehu na 1804, haɗewar 1914, sai kundin Clifford da Richards da Macpherson da Lyttleton a jere, sai tutar 1960. Daga nan littafi ya koma jerin sunayen shugabanni da ranar hawa da ranar sauka. Juyin mulki da yaƙin basasa suna nan a darasin gwamnati na manyan azuzuwa, ban musa ba, amma a matsayin abin hadda: kawo dalilai biyar, kawo sakamako biyar. Yaro zai iya cinye makin duka ba tare da ya taɓa jin cewa mutane ne masu uwa da uba suka mutu ba, balle ya san cewa a kan titin da yake bi zuwa makaranta wani ɓangaren abin ya faru.

Ni 1966 ba a littafi na karanta ta ba. Shekarata tara. Ina tune da safiyar Asabar 15 ga Janairu, cikin azumi, yadda mahaifina ya zauna gaban rediyo ya kasa magana, mata suna kuka a cikin gida kamar a ɗakinmu aka yi rasuwar. An kashe Sardauna da matarsa Hafsatu, an kashe Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Akintola, da Okotie-Eboh, da manyan hafsoshi irin su Zakariya Maimalari da Kur Muhammad da Abogo Largema. A cikinsu akwai Laftanar Kanar James Pam, ɗan Birom, ɗan wannan gari. Sau nawa aka taɓa gaya wa yaron Gangare, unguwar Musulmi, da yaron Kabong, unguwar Kirista, cewa a dare ɗaya, hannu ɗaya ya yi wa kakanninsu rashi? Wannan rabin labarin mu 'yan Arewa mun riƙe shi, kuma muna da hakkin riƙe shi.

Ɗaya rabin ne ba mu son a taɓo. Bayan Janar Ironsi ya fitar da Doka ta 34 a ranar 24 ga Mayu, wadda ta rushe tsarin tarayya na yankuna, tarzoma ta ɓarke a garuruwan Arewa. Ranar 29 ga Yuli aka yi juyin mulki na ramuwa, aka kashe Ironsi da mai masaukinsa Fajuyi a Ibadan. A ƙarshen Satumba zuwa farkon Oktoba, bayan labarin da ya bazu ta rediyo cewa ana kashe 'yan Arewa a Gabas, aka far wa 'yan ƙabilar Ibo a garuruwa da dama, har da Jos da Bukuru. Dubban mutane aka kashe, talakawa, 'yan kasuwa da ma'aikatan jirgin ƙasa da kafintoci, waɗanda ba su san hawa ba ba su san sauka ba a kan abin da wasu sojoji suka aikata a Janairu. A Gabas ma an huce a kan 'yan Arewa mazauna can.

A jikin gidanmu akwai shagon wani tela ɗan Ibo. Shi ke ɗinka mana kayan makaranta, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano, kuma in na je karɓar ɗinki sai ya ba ni ƙyallayen da suka rage in yi ƙwallo. Daren da abin ya zo unguwarmu, mahaifina ya shigo da shi da matarsa da jaririnsu ta ƙofar baya, ya kai su ɗakin kakata, inda ya san ba namijin da zai keta ya shiga. Kwana uku suka yi. Ina tune da yadda kakata ke goya jaririn a bayanta tana zagaye tsakar gida duk lokacin da ya soma kuka, don masu wucewa su ɗauka namu ne. A dare na huɗu aka sa wa telan babbar riga da hula, matar ta yi lulluɓi, mahaifina da ƙaninsa suka raka su tashar jirgin ƙasa. Kafin ya fita ya nuna keken ɗinkinsa, wanda aka riga aka shigo da shi zaure, ya ce, "Malam, riƙe mini, in ƙura ta lafa zan dawo." Na kuma san wasu daga cikin waɗanda suka fasa sauran shagunan layin. Wasunsu sun tsufa a gabana, mun yi sahu ɗaya da su a masallaci shekara da shekaru. A layi ɗaya aka samu masu ɓoyewa da masu farauta, kuma yaranmu ba su san ko ɗaya daga ciki ba.

Abin da ya biyo baya, wata talatin na yaƙi daga Yulin 1967 zuwa Janairun 1970, ya ci rayukan da ake ƙiyastawa da miliyan ɗaya ko fiye, akasari yara da yunwa ta kashe. Akwai kisan Asaba na Oktoban 1967. Akwai fam ashirin da aka ba mutanen Gabas bayan yaƙi a madadin abin da ke asusunsu. Akwai kuma dubban samarin Arewa, da yawansu daga tsaunukan Filato da kwarin Binuwai, da suka tafi fagen daga ba su dawo ba. Janar Gowon, ɗan wannan jiha, ya ce ba wanda ya yi nasara ba wanda aka ci da yaƙi, kuma magana ce mai kyau a ranar da aka faɗe ta, domin ta kashe wuta. Sai dai mun mayar da ita murfi. Yau saurayi a Aba ya san Satumba bai san Janairu ba, saurayi a Kano ya san Janairu bai san Satumba ba, su haɗu a Facebook kowa na rantsuwa da Allah shi aka zalunta.

Haka 13 ga Fabrairu 1976 take, ranar da aka kashe shugaban ƙasa Janar Murtala Muhammad a yunƙurin juyin mulki. Bahaushe na tuna Murtala da hawaye. Mutumin Filato na tuna abin da ya biyo baya, yadda aka ɗaure 'ya'yan yankin da dama aka harbe, har da Janar Bisalla da tsohon gwamna Joseph Gomwalk, wanda da yawa a nan har yau ba su yarda yana da hannu ba. A garin nan akwai titin Murtala Muhammad, akwai sakatariyar Gomwalk. Muna bin ɗaya mu shiga ɗaya kullum, ba mai gaya wa yaro abin da ya haɗa sunayen biyu.

In aka ƙara komawa baya, akwai abin da ya fi wannan nauyi a bakinmu mu Hausawa, wato bauta. Muna koyar da daular Usmaniyya ta fuskar ilimi da shari'a da tsarin mulki, kuma duk gaskiya ne, abin alfahari ne. Amma mutanen da ke kan duwatsun nan suna da nasu labarin, na mahaya dawakai da ke zuwa kamun bayi, na kakannin da suka haye tsauni suka kewaye gidajensu da ƙyarana. Sai a 1936 Turawa suka yi dokar da ta kawo ƙarshen bauta baki ɗaya a Arewa, wato akwai masu rai yau da iyayensu suka ga abin da idonsu. In abokin zamanka ya ji kalmar "arne" ya ɗaure fuska, ruwa ba ya tsami banza. Su ma a nasu ɓangaren ya kamata 'ya'yansu su san yadda Bahaushe ya zo Jos. Wasu fatauci ya kawo su, wasu haƙar kuza tun farkon zuwan kamfanonin Turawa, wasu kuwa ba da son ransu suka zo ba. Daga 1942 zuwa 1944, bayan Japan ta ƙwace Malaya a yaƙin duniya na biyu, Ingila ta matsu da kuza, aka riƙa ɗibar talakawa daga lardunan Arewa ana kawo su aikin tilas, abin da tsofaffi ke kira ɗiban gwamna. Mutumin da ya saba da zafin Sakkwato ko Katsina aka jefa shi cikin sanyin Filato ba bargo ba wadataccen abinci, da yawa a nan ƙasa ta rufe su. Masu gonakin kuma aka bar su da ramuka da kududdufai inda a da suke shuka acca. Bature ya kwashe kuzarsa ya tafi, ya bar jikokin lebura da jikokin mai gona suna jayayya a kan wane ne ɗan ƙasa wane ne baƙo. Yaron da ya san wannan, in ya ji ana gardamar takardar shaidar asali ko kujerar shugaban ƙaramar hukumar Jos ta Arewa, wadda aka ƙirƙira a 1991, zai gane cewa zaren ya fi tsawon abin da aka gaya masa a majalisa.

Ranka ya daɗe, ba a rasa rubutu ba. Bayan rikicin 12 ga Afrilu 1994 an kafa kwamitin Mai shari'a Fiberesima. Bayan na 2001, na Mai shari'a Niki Tobi. A 2004, lokacin dokar ta-ɓaci, an yi babban taron zaman lafiya na Filato. Bayan na Nuwamban 2008 jiha ta kafa na Bola Ajibola, tarayya ta kafa na Janar Abisoye, a 2010 kuma ga na Solomon Lar. Mutane sun je gaban waɗannan kwamitoci sun yi rantsuwa sun ba da shaida suna kuka. Ni ma na je gaban ɗaya, saboda ƙanena da ya fita ranar Juma'a 28 ga Nuwamba 2008 bai dawo ba. A matakin ƙasa, kwamitin Oputa ya zagaya yana sauraron jama'a, ya miƙa rahotonsa a 2002, gwamnati ba ta fitar da shi ba sai ƙungiyoyin farar hula ne suka wallafa shi a 2005. Duk wannan shaida, wadda aka tara da kuɗin jama'a da hawayen jama'a, ban taɓa ganin shafi ɗaya nata a hannun ɗalibi ba.

Ga 'yan'uwana na gidajen rediyo da talabijin da masu shirya fim, ku ma da magana. Kowace 15 ga Janairu za a nuna manya suna ajiye furanni a Abuja ana sakin tantabaru, tashoshin Hausa su saka waƙoƙin Sardauna, a yi addu'a, shi ke nan sai baɗi. Ranar 7 ga Satumba kuwa takan wuce a garin nan kamar kowace rana. Fina-finanmu na Hausa sun ƙware a soyayya da rikicin kishiyoyi da gadon dukiya, in an waiwayi da can kuma sai a yi na sarauta da dawakai da algaita. Ban ce a daina ba, ni ma ina kallo tare da iyalina. Amma labarin tsohuwar da ta goya jaririn maƙwabci don ta tsirar da shi, ko na Kiristan da ya ɓoye Musulmi a silin ɗin ɗakinsa a 2001, kamar yadda wani abokin aikina ya yi mini na kwana biyu, bai isa a yi fim da shi ba? A garin nan hedikwatar Hukumar Fina-finai ta Ƙasa take, da makarantar koyon aikin fim, da kwalejin talabijin ta NTA, ga gidan tarihi da aka buɗe tun 1952. Kayan aiki da masana duk suna nan. Na san abin da ke ɗaure muku hannu: mai zuba jari na tsoron asara, mai tashar na tsoron a rufe masa, kuma kowa ya ga yadda a 2014 hukumar tace fina-finai ta riƙe wani fim a kan yaƙin basasa na tsawon watanni kafin ta bari a nuna shi. Shi ya sa na haɗa ku da Minista a wasiƙa ɗaya. In makaranta ta buɗe ƙofa, ku ma za ku samu inuwar fakewa.

Na san amsar da za a ba ni, domin dattawan da nake girmamawa sun sha ba ni ita: a bar kaza cikin gashinta, kada a fama tsohon miki, zaman lafiyar da aka samu da ƙyar kada a tayar da zaune tsaye. Ban raina wannan magana ba. Wanda ya taɓa kwana yana jin harbi ba ya wasa da zaman lafiya. Amma shekara ashirin da ɗoriya ke nan muna gwada shirun a Jos, ga abin da ya haifar: gari ya rabu biyu, kasuwa biyu, makarantu biyu, har mai Keke ya san inda zai tsaya ya ce "Baba, nan ne iyakata." Babbar kasuwar Taminus da ta haɗa kowa ta ƙone tun 2002. Yaran da suka taso bayan nan ba su taɓa zama benci ɗaya da wanda ba addininsu ɗaya ba, kuma labarin bai ɓuya musu ba, rabinsa kawai ya iso gare su, rabin da ke tafasa zuciya. Mu da muke karantar da yara yaƙin Uhudu a Islamiyya, da kuskuren maharban da suka bar dutse, da abin da 'yan'uwan Annabi Yusuf suka yi masa, da gabar Ausu da Khazraju kafin su zama 'yan'uwa, ba mu taɓa cewa waɗannan sun yi wa yaro nauyi ba. Maƙwabtanmu ma a cocinsu suna karanta labarin Kayinu da Habila. Me ya sa sai tarihin ƙasarmu ne za a tace, a bar zaƙin a zubar da ɗacin?

Ga roƙona. Ban ce a nuna wa ɗan aji uku na firamare hoton gawa ba. Ƙaramin yaro a ba shi labarin maƙwabtaka da na waɗanda suka tsirar da rai, in ya kai ƙaramar sakandare a gaya masa abin da ya faru da shekara da wuri, a babbar sakandare a ajiye masa shaidar ɓangarori biyu a gabansa a koya masa yadda ake auna magana, wa ya faɗa, yaushe, me ya gani da idonsa, me aka gaya masa. Wannan ita ce garkuwar da zai riƙe ranar da aka turo masa saƙon murya a waya. A zaunar da masana tarihi na Jami'ar Jos da Zariya da Nsukka da Ibadan, da Ƙungiyar Masana Tarihi ta Najeriya da ke nan tun 1955, su rubuta babin 1966 zuwa 1970 tare, kowa ya sa hannu, yadda ba wanda zai ce littafin wani ɓangare ne. A bar wa kowace jiha gurbi ta koyar da nata, domin Kano na da Maitatsine na 1980, Sakkwato da Zamfara na da Satiru na 1906 da Bakolori, Kaduna na da Kafanchan da Zangon Kataf, Binuwai na da Zaki Biam.

Abu biyu kuma na fi jaddadawa, don na san cikin aji. Na farko, malami ba ya koyar da abin da ba ya fitowa a jarrabawa, ɗalibi ma ba ya karanta shi. In WAEC da NECO ba su tambaya ba, ko an rubuta babin da ruwan zinariya tsallake shi za a yi. Na biyu, a kare malami. A horar da shi yadda zai riƙe aji mai ɗauke da ɗan wanda aka kashe da ɗan wanda ake zargi, a ba shi littafi mai hatimin hukuma, a kuma tabbatar masa cewa in ƙorafi ya taso ba za a sallama shi ga masu ihu ba. Da ina da wannan a 2001, da na amsa wa yarinyar nan.

Sannan a yi sauri. Waɗanda suka ga 1966 da wayonsu, ƙaraminsu ya doshi saba'in. Duk wata sai mun raka wani makwancinsa, ya tafi da abin da ya sani. A tura ɗaliban jami'a da na'urar ɗaukar magana su shiga Gangare da Dilimi da Nasarawa da Tudun Wada da Apata da Bukuru da ƙauyukan Birom da Anaguta da Afizere, su zauna da tsofaffi maza da mata, a adana muryoyin a gidan tarihi, kowa da harshensa.

Telan nan bai dawo ba. Bayan yaƙi wasu sun dawo sun karɓi gidajensu da shagunansu, har da waɗanda maƙwabta suka tara musu kuɗin haya. Mahaifina ya yi ta tambayar duk wanda ya sauko daga jirgi, ba labari. Har ya rasu bai yarda an taɓa keken ɗinkin ba, duk shekara sai ya sa an goge shi an zuba masa mai, kuma cikin wasiyyarsa ya ce kada a sa shi a rabon gado domin ba namu ba ne. Yana nan a ɗakina, lulluɓe da tsohon zanen kakata. Daren ranar da muka shiga Keken nan na kira jikata na yaye zanen, na ba ta labarin tun daga Janairu har zuwa tashar jirgi, ban rage komai ba, har da waɗanda suka fasa shaguna. Ta daɗe tana shafa kan keken, sannan ta ce, "Kaka, jaririn fa, yana raye?" Na ce in yana raye ya kusa shekara sittin. Ta ce ko za a iya nemo shi.

In ma'aikatarka ta tashi tattara irin waɗannan kaya da labarai domin 'yan makaranta, a aiko, zan ɗauko keken da kaina in kawo.

Na gode, Allah ya ƙara maka lafiya.

Naka,
Tsohon malamin makaranta,
Jos, Jihar Filato.